Taimako dan Allah: tsofaffin imel ɗina suna cikin filash amma Thunderbird ya ƙi nuna su

Maman_Khalifa

Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimin kwamfuta a taimaka min. Ni ke riƙe da takardun shagonmu, kayan sola muke sayarwa, fanel da batir da inbata, kuma duk wata magana tsakaninmu da masu kawo mana kaya ta imel ake yinta, rasit ne, waranti ne, lissafin bashi ne, komai dai. Tun 2017 da manhajar Thunderbird nake buɗe imel ɗin a laftof, wanda ya buɗe mana adireshin shagon shi ya saita min a lokacin, tun daga nan ban sake shiga saitinsa ba. To laftof ɗin ta fara nauyi tana kashe kanta, aka kai ta gyara mai gyaran ya ce sai an sake Windows, na roƙe shi ya fara kwashe min imel ɗina kafin ya yi fomat, ya ce ya kwashe, ya ba ni filash da folda ɗaya a ciki sunanta Thunderbird, nauyinta ya kusa giga 5.

Yanzu na sauke sabon Thunderbird na sa adireshi da faswod ya shiga lafiya lau, amma saƙonnin sati biyun nan da suka wuce kawai nake gani, na baya duk babu, kuma foldojin da na ware da hannuna, ta masu kawo kaya da ta kwastomomi, ko ɗaya ba ta fito ba. Na buɗe filash ɗin na shiga Profiles na ga wata folda mai suna haruffa da lambobi a hargitse, cikinta akwai Mail, can ciki na ga Inbox da Inbox.msf da Sent da Sent.msf da wasu foldoji masu .sbd a ƙarshe. Na danna Inbox ɗin sai Windows ya tambaye ni da me zai buɗe min.

Ƙanina ya ce in kwashe su in zuba a foldar sabon akawunt ɗin in danne na ciki, amma zuciyata ba ta kwanta ba shi ya sa na tsaya na tambaya tukuna. Abin da ya fi tayar min da hankali akwai kwastoman da inbatarsa ta lalace kuma takardar warantin tana cikin imel ɗin bara, ya ce zai dawo ranar Litinin. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Auwal_IT

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, indai nauyin foldar ya kusa giga 5 saƙonninki suna nan in sha Allah. Kuma kin yi daidai da ba ki zuba su a sabon akawunt ba, bari in yi miki bayanin dalili.

Daga yadda kika faɗa tsohon saitinki POP ne, ɗaya daga hanyoyin da Thunderbird ke karɓo imel daga sabar, wato kwamfutar kamfanin imel ɗin da saƙonni ke fara sauka. POP yana sauko da saƙo ya ajiye a kwamfutarki, kuma Thunderbird in ba a canza masa ba kwana 14 kawai yake barin kwafin a sabar sai ya goge, shi ya sa sati biyu kawai kika tarar. Da kika sa adireshin a sabon, ya zaɓa miki wata hanyar, IMAP, da kansa, shi kuma IMAP abin da ke sabar kawai yake nunawa, abin da babu a can ba ruwansa da shi. To in kika zuba tsohon Inbox a cikin ImapMail, wato foldar sabon akawunt ɗin, kika buɗe, zai duba sabar ya ga babu waɗannan saƙonnin ya daidaita foldar da abin da ke can, kin ga wahalar ta tashi a banza, in kuma yanko fayil ɗin kika yi daga filash ba kwafi ba to an shiga matsala babba.

Abu na farko kafin komai, ki yi kwafin foldar nan gaba ɗaya daga filash zuwa Desktop ko Documents, ki cire filash ɗin ki ajiye a durowa. Da kwafin za mu yi aiki, na filash ba a taɓa shi.

Waɗannan fayilolin da ba su da komai a ƙarshen sunansu, Inbox, Sent, Drafts da sauransu, su ne saƙonnin kansu. Tsarin mbox ake ce masa, duk saƙonnin folda ɗaya har da rasit da hotunan da aka maƙala suna jere cikin fayil guda, shi ya sa za ki ga Inbox shi kaɗai ya yi giga biyu ko uku. Masu .msf ɗin kuma kamar takardar da ake liƙawa a jikin kwali ce mai faɗin abin da ke ciki, ba kayan ba ne, in babu ita Thunderbird zai sake rubuta wata da kansa. Don haka kar ma ki ɗauko su.

A cikin Mail ɗin bakof za ki ga folda biyu ko fiye, ɗaya Local Folders ɗaya kuma mai sunan sabar ɗinku, yawanci tana farawa da mail ko pop sai sunan shagonku. Ki duba duka biyun ki ga inda manyan fayilolin suke. Sai ki buɗe sabon Thunderbird ki shiga Help, Troubleshooting Information, ki gangara wajen Profile Folder ki danna Open Folder, zai buɗe miki ainihin foldar da yake amfani da ita yanzu. Kada ki nemo ta da hannu don foldar AppData da take ciki a ɓoye take kuma wani lokacin za ki tarar da furofayil biyu, wato foldar da Thunderbird ke ajiye saƙonni da saitinsa, ki rasa wacce ce mai aiki. Da zarar ta buɗe sai ki rufe Thunderbird ɗin ruf, wannan yana da muhimmanci, in yana buɗe kina zuba masa fayil zai iya ƙin gani ko ya ɓata shi.

Ki shiga Mail, ki shiga Local Folders, a nan za ki zuba. Amma ki fara canza musu suna a cikin kwafinki, Inbox ya koma Tsohon Inbox, Sent ya koma Tsohon Sent, saboda kar su yi karo da na ciki, misali akwai Trash da Unsent Messages a can tun asali. In Windows ya taɓa tambayarki ko ya danne wani fayil ki ce a'a. Ki buɗe Thunderbird ki duba ƙasan jerin foldoji ta hagu ƙarƙashin Local Folders, ki danna Tsohon Inbox ki ba shi lokaci, karon farko zai ɗan jima yana karantawa tunda shekaru ne a ciki, ki tabbata laftof ɗin tana da caji ko tana jikin wuta.

Ki gwada da Inbox da Sent tukuna ki dawo ki faɗa mana.

Sadiq_Zaria

Malam Auwal bayaninka daidai ne amma ni ina ganin hanyar ta yi wa Hajiya tsawo. Tunda furofayil ɗin gaba ɗaya mai gyaran ya kwaso ai ba sai ta bi fayil ɗaya bayan ɗaya ba. Tun daga Thunderbird 102 da ya fito a 2022 akwai Import a cikin Tools da ke karɓar furofayil ɗin wani Thunderbird, ki zaɓi wannan ki nuna masa foldar mai haruffan nan a hargitse, zai nuna miki abin da kike so ya shigo da shi, saiti ne, littafin adireshi ne, kalanda ne, saƙonni ne, ki sa alama ki danna shikenan. Ko kuma a rufe Thunderbird a kwashe duk abin da ke cikin tsohuwar foldar a zuba a sabuwar, in ta buɗe za ta ga komai kamar ba a taɓa yin fomat ba, har faswod ɗinta tunda yana cikin logins.json da key4.db, har filtocin da ke raba mata saƙo.

In kuma fayil ɗaya ɗaya ake so akwai ImportExportTools NG, ƙari ne da ake sa wa Thunderbird kyauta, ki danna dama a kan Local Folders zai ba ki zaɓin shigo da mbox har da ƙananan foldojin ciki. Ni da shi na shigo da wanda na sauke daga Google Takeout don shi ma mbox yake bayarwa.

Abu ɗaya kawai, Thunderbird ɗin da kika sa yanzu kar ya zama tsohon da ya gaza wanda kike da shi a da, sabo yana buɗe furofayil ɗin tsoho amma tsoho ba ya yarda ya buɗe na sabo. In daga shafinsu kika sauke ba matsala, in kuma mai gyara ne ya sa miki daga nasa filash ɗin to ki duba Help, About.

Auwal_IT

Sadiq ban ce hanyarka ba ta aiki ba, tana aiki. Abin da ya sa ban ba ta ita ba, in ta dawo da tsohon saitin to POP ɗin nan ta dawo da shi da kwana 14 ɗinsa, zai ci gaba da share sabar, kuma nan gaba in laftof ta sake lalacewa ko aka sace ta an koma gidan jiya. Yanzu da take kan IMAP duk sabon saƙo yana sabar, waya ma za ta gani. Gara ta bar sabon yadda yake, tsofaffin su zauna a Local Folders a matsayin ajiya. In Import ɗin za ta yi to ta cire alamar da ke kan saiti ta bar ta saƙonni da ta adireshi kawai.

Ɗan_Damagaram

Salamu alaikum. Ina biye da maganar, ni ma aikin da nake yi kenan nan Zinder, ina so in ƙara abu biyu don masu karantawa daga wajenmu.

Mu nan yawancin injinan da Faransanci suke, to mutum zai ga Courrier entrant da Dossiers locaux a fuskar Thunderbird, ya shiga cikin furofayil yana neman waɗannan sunayen bai gani ba ya ce saƙonninsa sun ɓace. Ba su ɓace ba, a cikin injin sunayen Inbox da Local Folders ne ko da wane harshe aka sa shi, fuskar kawai aka fassara. Duk abin da Malam Auwal ya faɗa haka yake ga mai Faransanci.

Na biyu maganar filash. Hajiya ki duba nauyin Inbox ɗin da ba shi da .msf ki faɗa mana. Yawancin filash masu giga 16 ko 32 da tsarin fomat na FAT32 suke zuwa, shi kuma FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, in mutum yana kwafi sai ya fito masa da saƙon cewa fayil ya yi girma, in yana sauri ya danna tsallake sauran su wuce, ya ɗauka komai ya shiga alhali babban ne aka bari. Na sha ganin bakof da ke da Inbox.msf amma Inbox ɗin kansa babu, kuma an riga an yi fomat. Ke tunda kin ce kin gan shi da idonki alama ce mai kyau, amma ki tabbata ba 0 KB ba ne. Wanda zai yi bakof nan gaba ya yi a had disk na waje ko ya mayar da filash ɗin exFAT ko NTFS tukuna.

Sannan filash ɗin da ya shiga injinan wajen gyara a duba shi da antibairus kafin a buɗe, sai dai in ya ce ya ga wani abu a cikin fayil ɗin Inbox kar ki bari ya goge ko ya killace shi, domin shi fayil ɗaya yake gani, saboda saƙo ɗaya mara kyau sai ya ɗauke miki shekaru gaba ɗaya. Wannan ma dalili ne na yin kwafi biyu.

Maman_Khalifa

Alhamdulillah! Malam Auwal Allah ya biya ka, Allah ya jiƙan mahaifa. Na bi yadda ka ce, Inbox ɗin giga 2.8 ne Sent kuma ya ɗan wuce giga 1, na canza musu suna na zuba a Local Folders na buɗe, ya ɗan tsaya yana juyawa har na fara tsoro sai ga su sun zubo tun daga 2017, wallahi sai da na yi hamdala da ƙarfi yaran shago suka leƙo. Malam na Damagaram na gode da tunatarwa, na yi kwafi a laftof kuma filash ɗin na ajiye shi.

Amma da saura. Takardar warantin ba ta cikin Inbox don ina mayar da irinsu foldar masu kawo kaya, kowane kamfani da tasa ƙaramar foldar a ciki. Na ga Masu kawo kaya.sbd na ɗauko ta gaba ɗaya na zuba a Local Folders kamar sauran, Kwastomomi.sbd ma haka, na rufe na buɗe ba su fito ba, alhali in na shiga ta Windows ina ganin fayilolin a ciki da nauyinsu. Sannan in na rubuta sunan mutum a wajen bincike na sama ba ya kawo min tsofaffin, kuma in zan tura saƙo ba ya cika min adireshi da kansa kamar da. Ko akwai abin da na tsallake ne?

Auwal_IT

Amin Hajiya, madalla. Saura ƙiris.

Folda mai .sbd ba ta tsayawa ita kaɗai, ita ma'ajiyar ƙananan foldoji ce kawai, sai Thunderbird ya ga fayil mai suna iri ɗaya da ita a gefenta sannan yake duba cikinta. Wato dole a samu fayil Masu kawo kaya mara komai a ƙarshe, kusa da folda Masu kawo kaya.sbd, harafi da harafi har da tazarar da ke tsakanin kalmomin. Ki koma kwafin bakof ɗinki inda kika ɗauko .sbd ɗin za ki ga fayil ɗin yana nan, mai yiwuwa nauyinsa 0 KB ne in ba ki taɓa ajiye saƙo a babbar foldar kanta ba sai a ƙananan, shi ya sa ido ke tsallake shi tunda na ce ki nemi manya. Ki rufe Thunderbird ki ɗauko shi ki ajiye a Local Folders, na Kwastomomi ma haka, ki buɗe, za ki ga 'yar kibiya a gefen sunan, ki danna ƙananan za su sauko.

In kin duba babu shi, hanya mafi sauƙi ki cire .sbd ɗin da kika zuba tukuna, ki buɗe Thunderbird ki ƙirƙiri sabuwar folda ƙarƙashin Local Folders da wannan sunan daidai, ki rufe, sannan ki mayar da .sbd ɗin. Wasu suna ƙirƙirar fayil ɗin da Notepad amma Windows yana ɓoye .txt a ƙarshe mutum ya yi ta mamakin me ya sa ba ya aiki, don haka ki bar Thunderbird ya yi da kansa.

Su .msf ɗin da suka biyo ki a cikin .sbd ba za su hana komai ba, amma in kika buɗe wata folda kika ga babu komai ko kika danna saƙo wani daban ya fito, ki danna dama a kanta, Properties, Repair Folder, zai sake karanta fayil ɗin daga farko.

Binciken sama kuma haƙuri yake so, yana bin saƙonnin ne a hankali yana haɗa nasa jerin, da yawan naki zai iya ɗaukar awanni, in kina so ki ga inda ya kai ki shiga Tools, Activity Manager. Amma ba sai kin jira shi ba don neman warantin, ki shiga foldar kamfanin ki danna Ctrl da Shift da K tare, Quick Filter zai fito, ki rubuta sunan inbatar ko lambarta, wannan nan take yake tacewa.

Adireshi suna cikin abook.sqlite da history.sqlite a saman tsohon furofayil, ba cikin Mail ba. Na farkon waɗanda kika ajiye da kanki ne, na biyun waɗanda ya tara daga mutanen da kika tura wa saƙo, kuma shi ne yawanci ke cika miki suna. A nan Import ɗin da Sadiq ya faɗa ya fi dacewa, ki zaɓi shigo da littafin adireshi daga fayil ki nuna masa su ɗaya bayan ɗaya. In kika ga abook.mab maimakon sqlite to tsohon Thunderbird ɗinki bai kai 78 ba, shi ma yana karɓa.

Abu biyu da nake roƙon kar ki yi yanzu. In Thunderbird ya tambaye ki Compact, wato matse folda don rage nauyinta, ki ce ba yanzu ba har sai kin gama duba komai, saboda saƙon da aka goge yana nan kwance a cikin fayil ɗin har ranar da aka yi Compact, in wani abu ya ɓata ana iya tono shi kafin nan, bayan nan kuma sai dai a koma bakof. Sannan kar ki ja tsofaffin nan gaba ɗaya ki kai su foldar IMAP don ki gan su a waya, giga huɗu da wani abu ne za su hau intanet, datarki za ta ƙare kuma in wajen da aka ba ku a sabar bai kai haka ba akwatin zai cika sabbin saƙonni su fara komawa ga masu turowa. Ki zaɓi na bana da na bara da kike buƙata ki yi Copy To, ba Move To ba.

Sadiq_Zaria

Ƙari kan na Malam Auwal, Hajiya ki sani abin da ke Local Folders a laftof ɗin kawai yake, ba ya sabar, don haka in kin gama ki sake kwafin furofayil ɗin gaba ɗaya Thunderbird yana rufe ki ajiye a had disk na waje. Export ɗin da ke cikin Tools ba zai yi miki ba don iyakarsa giga 2 ne, da hannu za ki kwafa.

Maman_Khalifa

Sun fito duka, fayil ɗin 0 KB ne kamar yadda ka ce yana nan a gefe. Na samu warantin a foldar kamfanin, watan Agustan bara ne, na fitar da shi a takarda na kuma tura wa kwastoman ta WhatsApp. Adireshin ma sun shigo. Foldar kwastoma ɗaya ce ta nuna babu komai na yi mata Repair Folder ta dawo. Malam Sadiq had disk ɗin wane girma zan saya, kuma wanda muke ajiye hotunan kaya a ciki zai yi ko sai an ware masa nasa daban?